Littafin aikin ajin dare: babin “dole” da Ingilishi

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau muka shiga babi na biyu na ɗan littafin Ingilishin da muke haɗawa da ƴan ajin dare a nan unguwar Zango ta Damagaram. Na farko, na gaisuwa da ciniki, an kammala shi tun ruwa bai ɗauke ba. Wannan na biyun a kan tilas ne: abin da ya zama dole, abin da ya kamata, abin da aka hana, da abin da ba sai an yi ba. A ciki za mu haɗa da aikatau ɗin nan masu jan ƙaramar kalma a baya, irin su “hand in” da “put up with”, waɗanda littattafan nahawu ke kira “phrasal verbs”. Mu a aji “aikatau mai jela” muke ce musu, haka kuma zan riƙa rubutawa a nan.

Ajin gauraye ne. Akwai direbobin kamiyo masu bin hanyar Matamaye zuwa Daura da Kano, akwai ƴan Kasuwar Dole masu saro kaya daga Kano da Legas, wasu har Dubai, akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou, da samari masu fatan samun aiki a matatar mai ta SORAZ ko a ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya yi kwalej a cikinsu ya taɓa Ingilishi, tunda daga ajin farko ake fara shi har jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwalej, amma Ingilishin cikin kaye ne, wato littafin rubutu, bai taɓa shan iska ba. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, masu zuwa tambayar ko da sauran wuri a benci sun ƙaru.

Sharaɗin aikin ɗaya ne: babu jimlar da za ta shiga littafin sai wadda wani daga cikinmu ya ji da kunnensa, ko aka turo masa a salula, ko ya gani a rubuce a jikin kwali ko bango. Na ce kowa ya je ya tono saƙonninsa na WhatsApp.

Laraba, 15 ga Oktoba

Jimlolin sun fara zuwa, kuma “must” ya cinye kowa. Shi lakwal ta ba su a madadin “devoir” da “il faut”, shi suke ɗora wa duk wanda suka samu, babba da yaro. Wani Alhaji mai shagon yadi, wanda ya girme mu duka, ya miƙo mini salularsa in ga saƙon da ya aika wa mai ba shi kaya: “You must send my goods today.” Mutumin ya yi biris da shi, da ya tashi amsawa kuma a daƙile.

“Mushe, ni fa roƙonsa na yi,” in ji Alhaji, yana kirana yadda ake kiran malamin boko a nan.

Na ce, “Alhaji, a ranka roƙo ne. A rubuce kuwa umarni ka ba shi, irin wanda uba ke ba ɗansa.”

In ka ce wa mutum “you must”, kai ka ɗora masa, da ƙarfin bakinka. In ka ce “you have to”, labari kake ba shi cewa haka abin yake, doka ce ko hali ne ya kawo. “You have to show your card at the border”: ba ni na kafa iyakar ba, gaya maka kawai nake yi. Shi ya sa a hirar yau da kullum “have to” ya fi yawo, “must” kuma ya fi zama a allunan gargaɗi da takardun ofis, ko inda mutum ke yi wa kansa faɗa, kamar “I must call my mother.” Bambancin bai kai kaifin da littattafai ke ba shi ba, masu harshen ma suna gauraya su. Amma ga mutanenmu na yanke magana: in kana shakka, ɗauki “have to”. Saƙon Alhaji kuwa ba ɗayansu yake so ba. Mun sake shi ya koma “I really need them today. Can you send them out this morning?”

Wani dalilin da ya sa nake tura su ga “have to” shi ne “must” gurgu ne, ba ya zuwa jiya. Na ga “Yesterday I must go to Magaria” a kaye fiye da ɗaya. Sai dai “I had to go”, na gobe kuma “I'll have to go”. Ba a sa masa “to” a baya, ba a cewa “must to go”. Tambaya da “have to” kuma sai an kira “do”: “Do I have to pay now?”

Abin da ya fi faranta wa ajin rai furuci ne. Hausa ba ta da “v”, don haka “hab tu” kowa ke cewa, yana jin kunya. Na gaya musu masu harshen kansu ba “v” suke yi a nan ba, “hafta” suke cewa, “has to” kuma “hasta”. Sai ga direbobi suna ta “hafta, hafta” har bakin titi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Darasin da na fi jin tsoro, shi ya fi tafiya daidai. Tunda “must” da “have to” ƴan uwa ne, kowa ya ɗauka “mustn't” da “don't have to” ma haka suke. Alhali tsakaninsu tafiya ce mai nisa. “You mustn't go” kada ka je ne. “You don't have to go” ba sai ka je ba, in ka ga dama ka je, in ka ga dama ka zauna. Hausa ta raba su sarai, Faransanci ma ya raba “tu ne dois pas” da “tu n'es pas obligé”, amma da zarar an shiga Ingilishi sai kai ya ɗaure.

Na yi ta zane a allo abin bai zauna ba, sai wani ɗalibi da ke karatun ilimi a zauren wani malami a unguwar Birni ya ɗaga hannu.

“Malam, ashe ɗaya haramun ne, ɗaya kuma ba wajibi ba ne kawai?”

Shi ke nan. Na goge allon na rubuta jimla biyu: “You mustn't fast on the day of Sallah” da “You don't have to fast on Mondays.” Azumi ranar idi haramun ne, azumin Litinin nafila ne, wanda ya bari babu laifi a kansa. Babu wanda ya sake tambaya. Tun suna yara suke rarrabe wajibi da mustahabbi da halal da makaruhi da haramun, ma'aunin yana kansu, jira yake a ɗora masa kaya.

Ɗalibin ya so ya ƙarasa aikin: “should” mustahabbi, “shouldn't” makaruhi, “can” halal. Na bar shi ya rubuta, amma na ja kunnen ajin cewa a nan kwatancen ya fara ɗingishi. “Should” ɗin aboki shawara ce, na likita ya fi shawara nauyi, na maigidanka a wurin aiki kuwa sau da yawa umarni ne. Nauyinsa yana bin bakin da ya fito.

Wata ɗaliba mai aiki a kantin magani ta kawo misalin da zai shiga littafin yadda yake: “You mustn't take it on an empty stomach” da “You don't have to take it with food.” Magungunan da ke shigowa daga Najeriya da Indiya da Ingilishi ake rubuta takardarsu, kuma wanda ya juya waɗannan biyun zai iya cutar da mutum. Na tuna musu “t” ɗin tsakiyar “mustn't” ba a furta shi, “masnt” ake cewa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ranar kasuwa, rabin benci babu kowa. Waɗanda suka zo muka taɓa aikatau mai jela na harkar takardu: “fill in”, “hand in”, “send back”, “pick up”, “sign up”. Ingila “fill in a form” aka fi cewa, Amurka “fill out”, duka daidai ne.

Matsalar ita ce wurin zaman “it”. Kana iya cewa “hand in the form” ko “hand the form in”, amma in “it” ne dole ya shiga tsakiya: “You have to hand it in by Friday.” Wasu kuma ba sa rabuwa ko kaɗan, “see to it”, “deal with it”, “look after him”. Babu wata ƙa'ida mai sauƙi da za ta gaya maka wane ne wane. Don haka muka tsayar cewa a littafinmu kowane aikatau da “it” ɗinsa za a rubuta shi, a haddace su tare, “hand it in”, “pay it back”, “see to it”, ba “hand in” tsirara ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na lura da wani abu da ya sa na sake tsarin zama. Ɗaliban jami'a sun fi kowa nahawu, amma gudun aikatau mai jela suke yi. Faransanci ba shi da irinsa, kuma ya ba su hanyar zillewa, domin kusan kowane ɗaya yana da takwara mai kama da kalmar Faransanci: “submit” maimakon “hand in”, “tolerate” maimakon “put up with”, “continue” maimakon “carry on”. Ba kuskure ba ne, sai dai in suka buɗe baki kamar wasiƙar gwamnati ake karantawa. Direbobi kuwa, da suka tsinci Ingilishinsu a tashoshin Kano, “come down”, “pack out”, “carry go” duk suna bakinsu, amma ba su san inda “had” yake kwana ba. Yanzu kowane benci ɗalibi ɗaya, direba ɗaya. An ɗan yi ƙunƙuni da farko, musamman daga ɓangaren masu digiri.

Darasin yau “be supposed to” ne, kuma a ganina shi ne zuciyar babin, domin shi ne dolen da aka saba karyawa. “I'm supposed to be in Kano tomorrow” na nufin haka aka shirya, amma mai maganar ya bar ƙofa a buɗe, wataƙila ba zai je ba. In aka kai shi baya sai ya zama ƙorafi: “You were supposed to send it on Monday”, wato ai da cewa aka yi Litinin za ka aiko, ga shi ba ka aiko ba. Ƴan kasuwa sun rubuta wannan da sauri, kowa yana da wanda zai aika wa. Da “not” kuma hani ne mai laushi: “You're not supposed to park here”, an hana, amma mai faɗa maka ba shi ya hana ba, ba kuma zai kama ka ba. “I'm not supposed to tell you this” kuwa, duk wanda ya fara da ita to zai faɗa.

Direbobi sun san shi a wata siga. A Najeriya suna jin “you suppose pay am”, babu “are”, babu “d”, babu “to”. Wani ya ce, “Mushe, can haka kowa ke faɗi, kuma ana ganewa.” Gaskiyarsa. Na ce a tasha ka faɗi yadda tasha ke faɗi, ni ba zan hana ka abin da ke sauke maka kaya ba. Amma ranar da za ka rubuta wa kamfani, ka maido “are” da “d” da “to” wurinsu. Shi “d” ɗin ba a jin sa a magana, “sapos tu” ake ji, shi ya sa ake mantawa da shi a rubutu. A littafin za mu ajiye sigogin biyu gefe da gefe, mu nuna inda kowace ke aiki. Ba na son yaro ya fita daga ajina yana yi wa ubangidansa na mota gyaran Ingilishi.

Litinin, 1 ga Disamba

“Had better” da “have got to”, a gurguje. Na farkon gara ka ne, amma da gargaɗi a bayansa: “You'd better pay him back before Friday”, in ba haka ba akwai abin da zai biyo baya. Ba a faɗa wa babba. Siffarsa ta jiya ce, maganarsa ta yau ko gobe ce, ba ya ɗaukar “to”, korewarsa kuma “You'd better not”. Wancan “'d” ɗin “had” ne, ba “would” ba.

“I've got to go” daidai yake da “I have to go”, sai dai na baki ne, kuma na yanzu kawai. Samarin sun san shi tun kafin in zo, “gotta” suke ji a fina-finai da waƙoƙi. Na ce su faɗa, kada su rubuta a takardar neman aiki.

Asabar, 13 ga Disamba

Da yawa daga cikin direbobi karatun boko bai zauna musu ba, littafi kaɗai ba zai ishe su ba. Don haka muka fara ɗaukar murya, gajerun hirarraki da za a riƙa turawa a WhatsApp. Ajin ba ya ɗaukuwa, ƙarar kabu-kabu daga titi tana shiga, sai muka koma fadar wasu samari a cikin lungu bayan isha. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka ci gaba da fitilar salula. Hazo ya sauka sosai, kusan kowace jimla sai wani ya yi tari a tsakiyarta an sake. Ƙarar zuba shayi daga sama kuwa mun bar ta, ta yi daɗi a kunne.

Hirarrakin daren a kan ɗaya gefen dole ne, wanda littattafan lakwal ba sa kulawa da shi: yadda ake zille mata, da yadda ake haƙuri da ita. Nan aikatau mai jela ya fi yawa. “Get out of” zamewa ne daga abin da ke kanka: “I can't get out of it.” “Back out of” janyewa ne bayan ka yi alkawari, kuma ɗan kasuwa ya kamata ya gane shi da wuri, domin ranar da aka rubuto masa “The buyer backed out of the deal”, cinikin ya ɓaci. “Get away with” ka yi laifi ka sha. “Let off” a yafe maka hukuncin da ya hau kanka. “Put up with” ka jure abin da ba ka so. “Do without” ka haƙura da abin da babu. “Be stuck with” a bar ka da kaya a ka.

Ban sha wahalar nemo misali ba. Wani direba dattijo ya ba da labarin wani shinge da aka tsare shi takardarsa ɗaya ta ƙare, ya yi ta ban haƙuri har mai kakin ya gaji ya ɗaga masa hannu. Muka mayar da shi jimla uku: “My papers had run out. I was supposed to pay a fine. He let me off.” Ya maimaita su har suka zauna, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ta ƙarshen a rubuta mini ita da manyan baƙaƙe.” Wani kuma ya tuno watannin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yi wuya, kuran ya yi ƙaranci: “We had to do without a lot of things. We just had to put up with it.” Mai shagon yadi ya kawo tasa, atamfar da ya saro ana gobe yayinta ya wuce: “Now I'm stuck with it.”

Masu kalma uku irin “put up with” da “get away with” ba a raba su, “it” a ƙarshe yake zama. In aikatau ya biyo bayansu sai ya ɗauki “-ing”: “He got out of paying.”

Lahadi, 21 ga Disamba

An yi hutun ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, mun dawo da batun da wata ɗaliba ta kawo. Tana aikin wucin gadi a wata ƙungiya, ta miƙa rahoto, shugabarta ta amsa mata da “You might want to go over the figures again.” Ita ta karanta shi a matsayin in kin ga dama, ta ga ba ta ga dama ba, ta bar shi. Washegari aka kira ta ofis.

Wannan shi ne abin da nake so babin ya koyar fiye da komai. Mai Ingilishi, musamman a wurin aiki, ba ya son a gan shi yana ba da umarni, sai ya naɗe shi cikin tambaya ko shawara. “Could you get back to me by Friday?” ba tambaya ba ce, wa'adi ne. “We'll need you to come in on Saturday” an riga an yanke. “I'll leave it with you” ya zama naka, in ya lalace kai za a nema. “I'm counting on you” nauyi ne aka aza maka da murmushi. “Please see to it that the door is locked” kuwa umarni ne tsantsa, “please” ɗin ado ne. Mutanenmu suna jiran su ji “must” kafin su san an sa su aiki, shi kuma “must” ɗin ba zai zo ba.

Na ce musu abin ba baƙo ba ne a wurinmu. In mahaifinka ya aiko cewa in ka samu hali ka leƙo, kai ka san ba halinka ake jira ba. In surukarka ta ce da dai an sake duba maganar nan, an gama magana. Alhaji ya yi dariya ya ce ashe su ma sun san kunya. Ko kunya ce ko wayo, ni dai na ce a koyi jin ta.

Sai aka tambaye ni yaya za a gane inda zaɓin na gaske ne. Akwai alamunsa: “It's up to you”, “You don't have to”, “Only if you want to”, “No need to”. In ba ka ji ɗaya daga cikin irin waɗannan ba, kuma mai maganar yana sama da kai, ɗauka an sa ka. In shakka ta yi yawa ka tambaya kai tsaye, babu laifi a ciki: “Do you need me to do it today?”

Asabar, 10 ga Janairu 2026

Wani ya kawo saƙon da ya ruɗa shi. Ya gaya wa abokin cinikinsa cewa ya kwana a hanya, aka amsa masa da “You must be tired.” Ya ce don me za a tilasta masa gajiya. Nan “must” ba dole ba ne, lalle ne: lalle ka gaji. Haka “It's bound to rain” ba makawa za a yi ruwa. Na ba shi rabin shafi a ƙarshen babin, ban so ya fi haka, kada ya dagula abin da aka riga aka gina.

An kai rubutun wurin mai bugawa. Kwamfutarsa ba ta san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, duk inda suke sai ta sa ɗan akwati. “Ɗauka” ta koma akwati da “auka”. Ya ce a bar su k da d kawai, kowa zai gane. Na ƙi, littafin da ke koya wa mutum kada ya yar da “d” ɗin “supposed” ba zai yar da ƙugiyar harshensa ba. Wani ɗalibin jami'a ya karɓi aikin, zai sake tsara shi a tasa kwamfutar ya kai a shirye.

Asabar, 24 ga Janairu

Gwaji, amma ba na takarda ba. Biyu-biyu suka riƙa fitowa, ɗaya mai kaya ɗaya direban da ya makara, ko ɗaya ma'aikacin ofis ɗaya mai neman takarda. “Have to” da “had to” sun zauna. “Don't have to” da “mustn't” babu wanda ya juya su, ko mutum ɗaya. “Supposed to” ana faɗinsa, har an fara yi wa juna ƙorafi da shi a wajen aji. Inda ake tuntuɓe har yanzu wurin “it” ne, “hand in it” da “pay back it” sun ƙi mutuwa, kuma mafi yawa daga bakin ɗaliban jami'a. Direbobi kunnensu ya riga ya saba, ba sa yin wannan.

Na cire abubuwa daga babin. “Ought to” ya koma layi ɗaya, a gane shi in an ji, “should” ya isa a yi magana. “Shall” na kwangila da “abide by” da “comply with” na tura su babin takardun ofis, in Allah ya kai mu. Wani ɗalibi ya yi gardama cewa suna fitowa a jarrabawa. Na ce wannan littafin ba na jarrabawa ba ne, na wanda aka tsare a shinge ne ko aka riƙe masa kaya a Kano. A madadinsu na ƙara “sort it out”, “follow it up” da “stick to”, waɗanda suka yi ta fitowa a saƙonnin ƴan kasuwa: “We have to stick to the price we agreed.”

Alhaji ya nuna mini sabon saƙonsa ga mutumin nan na yadi: “You were supposed to send them out last week. Can you sort it out today, please?” Shi ya rubuta da kansa. An amsa masa kafin ya mayar da salular aljihu, da ban haƙuri a gaba.

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Babin ya dawo daga wurin bugu da ƙugiyoyinsa cikakku. An yi karo-karo an biya kuɗin fotokopi, kowa ya samu nasa, an ajiye wasu don masu zuwa daga baya. Muryoyin da aka ɗauka sun fita daga hannunmu, wani direba ya ce ya ji tasa muryar a salular wani yaron mota a Magarya wanda bai taɓa gani ba. Biyu daga cikin hirarrakin sai an sake su, tari ya cinye rabin jimla a ɗaya, a ɗayar kuma an ce “must to”.

Azumi ya ƙarato, ajin dare ba zai yiwu ba, bayan asham kowa gida yake nema. Mun tsayar cewa za a koma safiyar Asabar da Lahadi ga wanda ya samu dama, sauran kuma su riƙa turo jimloli a salula. Matan ajin sun nemi a ƙara hira ɗaya ta asibiti, mai jinya da ma'aikaciya, domin masu kai marasa lafiya Kano suna da yawa, kuma can ne ake jin “You have to come back in two weeks” da “She's not supposed to get up yet.” Ɗalibar kantin magani za ta rubuta, in duba, a ɗauka kafin a ga wata. Babi na uku na neman izini da ba da uzuri ne, za a fara tara jimlolinsa bayan Sallah.